Ruwan da Aka Gyara Mini a Paris

Mutumin farko da ya yi mini dariya a Faransa Bahaushe ne, kuma a falonsa ya yi ta, da cokali a hannu. Alhaji Lawali ke nan, abokin Baba tun suna lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, wanda aka damƙa ni hannunsa ta waya tun kafin in taka ƙasar. A gida ana ambaton sunansa kamar na gwamna: yana Paris, yana aiki da wata babbar ƙungiyar duniya. Wane aiki? Har yau ban sani ba. Na dai ga gidan. Can saman wani tsohon bene ne kusa da unguwar Porte de la Chapelle, in ka buɗe taga ƙarar motoci ta cika maka kai, in ka leƙa ƙasa ka ga mutane kwance gindin gada da barguna, wasu na tallar takalma a kan kwali. Wai Paris ɗin da ake tsorata mu da ita ke nan.

Kafin ma in kai gidan garin ya riga ya yi mini maraba. A tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, wani mai fara'a ya ce da ni “ma sœur”, wato 'yar'uwata, ya taya ni ɗaukar kaya a matakala. Babbar jakar ya kai mini har sama. Ƙaramar kuwa, mai kilishi da yajin Inna, ta bi shi. Allah ya sa ya ƙware da yajin.

Ana cikin cin abinci Alhaji ya ce, “Bon, Zara'u, me aka ce kin zo karantawa?”

Na gyara zama na yi masa bayani tsakani da Allah. Na ce ruwan teku, ko ka gan shi garau, cike yake da ƙwayoyi masu yawo a ciki: laka, garin yashi, ƙananan halittu da gawarwakinsu. Wasu sai da na'ura ake ganinsu, wasu sun kai ƙwayar gero. Girmansu ba ya tsayawa wuri ɗaya. Na sama daban da na ƙasa, na lokacin zafi daban da na sanyi, na kafin guguwa daban da na bayanta. Manya suna nitsewa da sauri su tafi ƙasa da duk abin da suka kwaso, ƙanana su yi ta shawagi suna tare hasken rana, kuma da hasken nan abincin kifi ke tsirowa. Aikina shi ne in auna yadda girman nan ke sauyawa.

Ya ajiye cokalin. “Fatsuma! Zo ki ji! Ɗiyar Malam Isa ta baro Damagaram, garin da ake kwana a layin famfo, ta hau jirgi ta zo Faransa auna dauɗar ruwa!” Ya yi dariya har hularsa ta goce. “Ba likita ba, ba lauya ba. Dauɗa! Ai da kin tsaya tapkin bayan gidanku kin hutar da kanki.”

Hajiya Fatsuma, matarsa, ta leƙo daga kicin da tsumma a hannu. 'Yar garin Tawa ce, doguwa, mai tsabtar da ta zame mata ciwo. In baƙo ya taɓa makunnin fitila sai ta bi ta goge. Ba ta yi dariya ba, nasiha ta yi mini. Ta ce, “Ɗiyata, a ƙasar ga abu guda za ki kiyaye. Kar ki bari Nasara ya ce ba mu da tsabta.” Na ce to. Da yamma baƙi suka zo, sai na ji Alhajin nan da ya gama yi mini dariya yana nuna ni yana cewa, “Ga ɗiyarmu, Dokta ce ta teku, ni na kawo ta.” Bai kawo ko jakata ba.

Daga nan sai Lyon. Abin ban haushi, Lyon ma ba ta da teku. Na baro ƙasar da ba teku na zo garin da ba teku don in karanci teku. Koguna biyu gare su, sai wani labo, ɗakin bincike, mai na'urar da ke harba haske cikin ruwa ta ƙirga ƙwayoyin ta rarraba su bisa girma. Ruwan kuwa a kwalabe ake kawo mana shi daga bakin teku.

A Bron na zauna, wata unguwa a gefen Lyon, cikin dogayen gidajen nan masu kama ɗaya, inda kowa ke rufe ƙofa kamar an biyo shi. Ɗakin da aka yi mini alkawari na tarar an ba wani. Hadiza ce ta cece ni, 'yar Maradi mai karatun aikin jinya, wadda na gamu da ita a taram, jirgin cikin gari, ina zaune a kan akwatina ina share hawaye. Ta ji ina waya da Hausa, ta matso ta ce, “Ke, tashi mu tafi, ba a kuka a taram.” Ta raba mini ɗakinta da bargonta, ta tuƙa tuwon simul, tsakin alkama, da miyar kuka. Ranar na ci ina hawaye, don ƙamshin kukar ya kai ni tsakar gidanmu.

Shugabar aikina wata Bafaranshiya ce da muke ce wa Madam, busasshiyar mace mai cin burodi da cuku a tsaye kullum, abinci ɗaya kamar an yi mata dole. Sau nawa ta tambaye ni ko ƙasarmu na da teku, sau nawa na ce babu, ta mance ta sake tambaya. In ta ce “intéressant”, wato abin sha'awa, to aikinka shirme ne. Amma ta iya aikinta, wannan ba zan ɗauke mata ba. Ita ta koya mini cewa ruwan teku ya fi jariri rigima. In ka girgiza shi, manyan dunƙulen su farfashe, na'ura ta ce maka duk ƙanana ne. In ka bar shi ya daɗe a ajiye, ƙananan su manne da juna, na'ura ta ce maka manya ne. In ya ji ɗumi, halittun ciki su hayayyafa su ɓata lissafi. Shi ya sa ba a buɗe kwalba, ba a karkata ta, kuma kowace tana da takarda manne da ke faɗin zurfin da aka ɗebo ta.

Akwai dokar da Baba ya kafa mini: duk ranar da na ratsa Paris, in je in gaida Alhaji. Sau ɗaya na je wani taron ɗalibai na juyo ban je ba. Kafin in iso Bron labari ya riga ya kai Damagaram. Baba ya daɗe yana amsa gaisuwata da “lafiya” kaɗai, kamar mai amsa wa ɗan talla. Sai da Inna ta sa baki.

A shekarata ta uku tez ɗina, wato kundin neman Dokta, ta rage babi ɗaya, kuma shi ne ƙashin bayanta: yadda girman ƙwayoyin ke sauyawa bayan guguwa ta tayar da ƙasan teku. Burs ɗina, wato tallafin karatun da nake rayuwa a kansa, zai ƙare da shigowar zafi, takardar zamana kuma a jikinsa take rataye. Jirgin ruwan bincike sau ɗaya ake ba mu shi a lokacin sanyi. In na samu ruwan, in gama in koma gida da Dokta. In na rasa, sai wata shekara, ba burs.

Guguwar ta zo, aka tura ni arewa, bakin tekun Manche. Tekun da na yi shekaru ina aunawa a kwalba, ranar na fara ganinsa ido da ido. Toka-toka ne, mai ƙarni, ba abin da ya haɗa shi da hotunan kalanda. Na yi amai har sai da cikina ya manne da bayana, ma'aikatan jirgin na kallona suna murmushi. Haka na daure, tsakanin amai da amai, na ɗebo kwalabena daga sama har ƙasa. Ruwan ya fito yadda nake mafarkinsa, gurɓatacce, kalar kunun gero, na ƙasa har kana ganin dunƙulen suna juyi. Wallahi ban taɓa ganin abin da ya yi mini kyau kamar dauɗar nan ba.

Sai ƙaramar na'urar awon da ke cikin jirgin, wadda zan auna ruwan da ita nan take, ta sha ruwa ta mutu. Na kira Madam. Ta ce, “Sa su a akwatin sanyi. Kar ki girgiza, kar ki buɗe. In kin iso yau za a iya ceton aikin.”

Na iso tashar jirgin ƙasa ta Gare du Nord a Paris da hantsi na tarar ana yajin aiki. Su mutanen nan yajin aiki ne abincinsu. Jirgin Lyon sai bayan la'asar. Ina tsaye rungume da akwatin wayata ta yi ƙara. Baba ne. Inna ta gaya masa hanyar da zan bi.

“Kina Paris?”

“E, Baba, amma ina ɗauke da kayan aiki, ba zan iya...”

“Alhaji na sunan jikarsa yau. Kina garin. Me zan ce masa?”

Ya kashe. Na ƙi shiga metro don kar a bangaje ni. A ƙasa na taka, ta cikin unguwar Goutte d'Or, tsakanin masu tallar masara da shagunan waya, ina tafe a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, ana ta zagina da harsuna iri-iri don na tare hanya.

Gidan cike yake, takalma har matakala. Tun daga ƙofa Hajiya ta kama hannun akwatin. “Kawo nan. A gidana baƙo zai riƙe kaya?”

Na ce, “Hajiya, don girman Allah a bi shi a hankali. Ruwan teku ne na aikina. Kar a girgiza, kar a buɗe, a sa shi wuri mai sanyi.”

Matan da ke zaune a ɗan lungun suka ɗago kai gaba ɗaya. “Ruwan teku?” in ji wata mai haƙorin Makka. “Ai shi malamina ya ce in samo in yi wanka, yana karya sammu.” Wata ta ce maganin ciwon gwiwa ne, uwar mijinta ta gwada.

Na ce, “Ba na magani ba ne. Yau zan kai wa shugabar aikina.”

Hajiya ta dube ni. “Nasara za ki kai wa?”

“E.”

Ta ce, “To,” ta shige da shi kicin. Na ɗauka firigo za ta sa shi.

Na yi niyyar in gaisa in fito, amma Alhaji ya hango ni. “Voilà! Ga Doktar teku!” Aka shigar da ni falon maza, na durƙusa gefe, aka fara. Ina gajiya, ina sanyi, ina labarin gida, yaya Malam Isa, yaya ƙafarsa, yaya damina ta bari. Kowane dattijo sai ya yi nasa daga farko, kamar bai ji amsar da na ba na kusa da shi ba. Da aka gama Alhaji ya buɗe lacca a kan teku. Shi fa ya san teku, ya ƙetare shi a jirgin sama ba adadi, ya gan shi ta taga. Ya bayyana musu cewa gishirinsa daga gumin kifi yake. Manyan mutane da manyan riguna suna gyaɗa kai. Na yunƙura zan tashi ya ce, “Zauna mana, ina magana.” Aka kawo shinkafa da naman suna, aka ce ba a tashi a bar abinci. Aka yi addu'a, aka sake yin wata don wanda ya makara.

Da ƙyar na zame na nufi kicin. Abin da na fara gani kwalabena ne, jere a kan teburi, suna ƙyalli. An wanke su da sabulu, an kankare takardun jikinsu tas. Ruwan ciki garau, kana iya karanta jarida ta cikinsa. A ƙasa ga babban baho, a gefe ga guntun alif, farin dutsen nan da muke jefawa a randa in ruwa ya yi laka don ta kwanta. A kan abin ɗumama ɗaki an shanya farin mayafi, jiƙe.

Hajiya ta juyo tana goge hannu, fuskarta cike da jin daɗi. “Mun gyara miki, ɗiyata. Ai da na buɗe don in sam wa mutanen ga ɗan kaɗan, sai na ga abin kunya. Wanga ruwa za ki kai wa Nasara? Na juye su duka a baho, na jefa alif, ya kwanta, muka tace da mayafi. Dubi yadda ya yi.”

Na ɗauki kwalba ɗaya na duba. Na ce, “Hajiya, dauɗar ce aikin.”

“Subhanallahi! Ji wata magana.”

“Dauɗar ce aikin! Ita na je ɗebowa! Ina take? Ina abin da ya kwanta?”

Ta nuna magudanar wanke-wanke da haɓa. “Ina kuwa za ta, in ba can ba?”

Mai haƙorin Makka ta yi dariya tana cusa wata 'yar roba cikin jakarta. “Oh, 'yan boko! An yi mata alheri tana ihu.” Sauran suka taya ta. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, mata masu shekaru a Paris, sun iya metro, sun iya turaren Faransa, gwal har gwiwar hannu, amma ba wadda ta iya jin “kar a buɗe”. Ba jahilcin ne ya ƙona mini rai ba, kowa da abin da bai sani ba. Rainin ne. Na faɗa da bakina, da Hausa, a gabansu, amma tun da yarinya ce ta faɗa, kuma aikin dauɗa ne, ba wadda ta ga maganar ta kai a saurara. Na tattara kwalaben na fita, ban yi wa kowa sallama ba.

Har Lyon na kai su, ban san dalili ba. Madam ta ɗaga ɗaya ta duba a hasken fitila, ta daɗe tana kallo, ta ce, “Intéressant.” Na gaya mata gaskiya daga farko har ƙarshe, har da mayafin. Ta yi mini wani kallo da na gwammace mari a kansa, irin na wadda ta samu labarin da za ta riƙa bayarwa a wurin cin abinci. Hajiya ta so kar Nasara ya raina mu, ta kuwa ba shi abin dariyar shekara. Duk da haka muka zuba a na'ura. Allon ya nuna kusan babu komai.

Burs ya ƙare. Madam ta sa hannu aka ƙara mini shekara, ba tallafi, aka sabunta takardar zama da ƙyar bayan na sha layi. Na samu aikin wanke kwanuka a kantin cin abincin ɗalibai a Bron, Hadiza ta ci gaba da ɗaukar nauyin abin da na kasa. Ina goge miyar wasu ina duba labarin yanayi a waya, ni kaɗai a duk Faransa nake roƙon Allah ya kawo guguwa.

Baba kuwa bai tambayi tez ba. Abin da ya kai masa shi ne na ɗaga wa Hajiya murya a gaban mutane ranar suna. Ya ce, “Ki kira ta ki ba ta haƙuri, ki kuma yi mata godiya. Mace ta bar baƙinta ta tsaya yi miki aiki.” Na kira. Na ba da haƙuri, na yi godiya. Hajiya ta ce, “Ba komi, ɗiyata, ƙuruciya ce. In kin samo wani ki biyo da shi in gyara miki.”

Da sanyi ya zagayo guguwa ta zo. Ba a sayi wata na'ura a jirgin ba, don haka dai akwatin sanyi ne da jirgin ƙasa. Wannan karon ko Inna ban gaya wa ba. Amma Paris ba ta da sirri in kai ɗan Damagaram ne. Wani ya gan ni a Gare du Nord. Ina zaune a Gare de Lyon, tashar Paris da ake hawa jirgin Lyon, da akwatin a kan cinyata waya ta fara. Alhaji. Ta katse, ta sake. Hajiya. Sai Baba, sai Baba kuma. Na ɗaga murfin akwatin kaɗan na leƙa. Kwalabena na nan a rufe, kowace da takardarta, ruwan gurɓatacce kalar kunu, dunƙulen na juyi a hankali. Na mayar da murfin, na kashe wayar gaba ɗaya, na sa ta ƙasan jaka.

Na'ura ta nuna abin da na yi shekaru ina cewa za ta nuna: manyan dunƙule a ƙasa, ƙanana birjik a sama, tsakani kuma kowane zurfi da nasa. Madam ta duba allon ba ta ce “intéressant” ba, ta ce in je in rubuta. Ranar da na kare tez ɗina Hadiza kaɗai ce tawa a ɗakin, ta yi guɗa har wani farfesa ya zabura. Ina fitowa na tsaya a baranda na kira gida.

“Baba, an gama. Na ci. An ba ni Dokta.”

Ina jin ƙarar rediyonsa da kukan akuyar maƙwabta. Can ya ce, “To, madalla. Kin gaida Alhaji?”

Na ce ban gaishe shi ba. Har yau ban gaishe shi ba, kuma har yau Baba bai kira ni Dokta ba.